Ranar da Iya Ta Binne Jinin Jikanta

Ɗana na fari yana da farfaɗiya. Yanzu ina iya faɗin haka kai tsaye, amma a wancan lokacin, a gidanmu da ke unguwar Hausari, ba a kiran sunan ciwon, sai dai a ce "abin nan nasa". Likita ya ɗora shi a kan magani, faɗuwa ta tsaya, muka yi ta yi wa Allah godiya. Sai kuma wata sabuwa ta ɓullo, wato barci. Yaron da a da sai an kulle ƙofa don kada ya bi garken shanu zuwa kasuwa, ya koma yana gyangyaɗi da lomar tuwo a hannu. Malaminsu ya aiko cewa in haka za a ci gaba, gara a bar shi a gida, domin bencin makaranta ba gado ba ne.

Likita ya ce mai yiwuwa maganin ne ya yi masa yawa, amma ba zai rage shi da ka ba, don in aka rage fiye da kima faɗuwar za ta dawo. Sai an ɗebi jini an auna yawan maganin da ke ciki. In ba a auna ba, ɗana zai ci gaba da barci, makaranta kuma ta wuce shi.

Muka tafi ɗibar jini mu uku, ni da maigidana da mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Iya. Maigidana mahauci ne a Kasuwar Shanu, kullum hannunsa cikin jini yake, amma yana ganin an ɓare allura ya tuna cewa wani dillali yana jiransa, ya cika wandonsa da iska. Aka bar mu da yaro. Jijiyarsa kuwa siririya kamar zaren ɗinki. A soka nan a rasa, a koma can a rasa, ni na riƙe kafaɗu, Iya ta danne ƙafafu, yana ihu yana kiran sunanta. Ɗan abin da aka samu ma aka ce bai isa ba. Iya ta saɓa shi a baya, ta yi faɗa da Hausa har Hausar ta ƙare mata ta koma yarenta na Ngizimanci, ta rantse babu mai sake huda mata miji tana raye. Haka take kiransa, mijinta, kamar yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu.

In Iya ta kafe, an gama. Muka zauna a haka, yaro yana barci, ni ina cin raina.

Maƙwabciyarmu ce ta kawo mafita. Ma'aikaciyar jinya ce, mutuniyar Filato, kowa a unguwa Sista yake ce mata. Ta ce yanzu akwai wata hanya: a ɗan tsaga kan yatsa, a ɗiga jinin a kan wata takarda mai kauri, a bar ta ta bushe, sai a aika da ita babban ɗakin gwaji. Babu sirinji, babu neman jijiya. Iya ta sa ta maimaita "babu sirinji", sannan ta ce to, a gwada, amma in ya yi kuka a bakin zumuncinsu.

Sista ta zo da sassafe kafin yaron ya sha maganin safe, don ta ce a lokacin ne awon yake faɗin gaskiya. Ta murza yatsan ya yi ɗumi, ta goge, ta danna wani ɗan abu ƙyas. Ɗana ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Umma, sauro," ya koma barcinsa. Ta ɗiga jinin a cikin 'yan da'irorin da ke jikin takardar, ta ɗora ta a kan kabad ɗina.

"Kar rana ta taɓa shi, kar ƙuda, kar hannu," in ji ta. "In na taso aiki zan ɗauka in kai tasha, a ba direba ya wuce da shi."

Na ga Iya ta ɓata fuska a kan maganar direban nan, amma murna ba ta bar ni na kula ba. Da na kula da na tuna halinta. Iya ba ta barin komai na jikin mutum a fili. In wanzami ya yi wa yara aski, sai ta tsince gashin tas ta binne. Farce ma haka. In wani ya yanke, kafin ta nemi tsumma ta riga ta tura ƙasa ta rufe jinin da ya ɗiga, wai kada ya faɗa hannun mugu.

Na shiga kicin na ɗora sanwa. Da na fito, babu takarda a kan kabad. Na duba baya, na duba ƙarƙashin gado, na zazzage kwandon wanki. Na kama akuyarmu na buɗe mata baki, don ta taɓa cin katin rigakafi. Akuya ta dube ni, na dube ta, babu alamar laifi. Sai na hango Iya zaune a gindin bishiyar dogon yaro tana jan carbi, a wurin da ba ta saba zama ba, ga turmi an jawo shi an kife a kan ƙasa sabuwar tonawa.

"Iya, ko kin ga takardar nan?"

"Na gani."

"Tana ina?"

"Inda ya kamata ta kasance." Ta nuna turmin da haɓa. "Ke yanzu da hankalinki, jinin ɗanki za ki shanya kamar kuɓewa? Sannan ki miƙa wa direban da ba ki san uwarsa ba, ya yi ta yawo da shi gari gari?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Suruka ce, ba a ɗaga mata murya, don haka na juya na zazzage wa akuya masifa. Iya ta bari na gama, sannan ta ce in zauna. Ta ce kafin ta haifi maigidana ta yi wani ɗa mai irin wannan ciwon. A ƙauye aka ce hannu aka sa masa, aka yi ta turare da rubutu, har ranar da abin ya tashi yana bakin rijiya. Ban taɓa jin labarin ba. Ta ce, "Ban san me ya ci wancan ba. Wannan kuwa ko ɗigonsa ba zan bari a waje ba."

Da Sista ta dawo muka kawar da turmi muka tono takardar, ta yi dumu-dumu da jiƙaƙƙiyar ƙasa, don Iya har ruwa ta yayyafa. Sista ta yi dariya har da riƙe ciki. Ba ta yi musu da Iya a kan mugaye ba. Cewa ta yi, "Mama, ai kin fi mu gaskiya, wannan abu yana son mai gadi. Gobe za mu sake, ke za ki tsare shi har ya bar garin nan."

Washegari aka sake, sauro ya sake cizo, yaro ya sake komawa barci. Iya ta jawo kujera gaban kabad da mafici a hannu. Ƙuda bai gifta ba, ni ma da na zo ɗaukar ɗankwali korata aka yi. Da takardar ta bushe Sista ta sa ta a leda ta liƙe, Iya ta tofa addu'a a bayan ledar, ta ƙulle a bakin zane, muka hau keke mai ƙafa uku sai tasha. Can ta bi direbobi ɗaya bayan ɗaya tana tambayarsu 'ya'yan wane ne, har ta samu jikan wata ƙawarta. Ta karanto masa danginsa kaf, don ya san in saƙon ya ɓata ta san ƙofar da za ta buga.

Sakamako ya dawo, maganin ya yi yawa a jininsa. Likita ya riƙa ragewa a hankali, faɗuwa ba ta dawo ba, ɗana kuma ya farka. Ya koma makaranta, malamin da ya yi ƙorafin barci ya koma ƙorafin surutu. A gida ya kwance akuya, ya fasa randa, ya gano inda Iya take ɓoye goro.

Wata rana da la'asar ya fizge maficinta ya ruga, tana daga zaune tana ɗaga murya, "Ku mayar masa da maganin barcin nan! Wannan miji ya fi ƙarfina, na sake shi!" Ina dariya na juyo, sai na ga tana share ido da bakin mayafi. Ta bi shi da kallo har ya fice ƙofar gida, sannan ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Ashe ɗigo kaɗan ne. Da a lokacin nawa akwai takardar nan, da yanzu yana da baffa."