Ranar da Alhaji Mamman Ya Soke Allurarsa a Hula

Akwai ranar da har yau ba ta fita daga raina ba, tun ina ɗinki a shagon Alhaji Mamman a Zongo. Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa kamarad ne, har mai tallan goro. Mu huɗu muna kan keke muna ɗinka kakin 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, shi kuwa Alhaji yana bakin ƙofa inda haske ya fi, yana aikin hannu. Wata shida ya yi a kan wata babbar riga mai aska takwas, zanen nan mai tsini da ake yi a ƙirji. Idonsa ya fara rauni, kuma ya riga ya ce in ba a ga darajar wannan ba, ya ajiye allura.

Wata Laraba da hantsi wani ma'aikacin biro, wato ofis, ya kawo mana baƙo, baƙar fata daga Amurka. Na ware rigar, rana ta faɗo kan zaren yana walƙiya kamar ruwan tafki da safe. Baƙon ya yi tsaye, baki buɗe, ya ce, "Wau... wau."

Alhaji ya karɓe rigarsa ya ninke. Da suka fita ya ce mini, "Isa, ka ji ko? A shagona, da furfurata, a ce mini wawa." Ya soke allurar a hularsa, kwana uku bai zare ta ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ni Faransanci kawai nake ɗan tsinta, sai na nufi kasuwar Missèbo wurin Malam Sule, Bakano mai gwanjo wanda ya yi boko. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ba zagi ba ne, Malam Isa. Abin da suke faɗa ke nan in abu ya fi ƙarfin bakinsu. Malaminmu ya ce daga mutanen tsaunukan da ke arewa da Ingila kalmar ta fito, tun da daɗewa. Kusan numfashi ne, ba kalma ba."

Ina tafe gida, a raina ina ganin wani makiyayi a kan dutse mai sanyi, gajimare ya yaye, ya hango teku, numfashin ya kuɓuce masa. Numfashin nan ya hau jirgi, ya ƙetare ruwa sau biyu, ya iso ƙofar shagonmu.

Na faɗa wa Alhaji. Sai ya ce, "Shekara arba'in ina wannan aiki. Mai saye aibi yake nema don a sassauta masa. Ban san kamannin yabo a kunne ba." Ya ware rigar, ya ɗaga ta ga haske, na ga leɓɓansa sun tattaru suna gwada kalmar a hankali. Sai ya kai hannu hula ya zare allurar.

Shi ya sa nake gaya muku, in aikin ɗan'uwanku ya yi kyau, ku faɗa masa da bakinku. A sana'ar nan mutum yakan tsufa bai taɓa ji ba, har ranar da aka yabe shi ya ɗauka zaginsa aka yi.