Sakatar da Ke Waje

Akwai Juma'ar da har gobe ba ta fita daga raina ba, ranar da aka kulle ni a cikin tirela. Tunda kun ce in ba ku labarin aiki, bari in ba ku wannan.

A bazarar shekarar da soja suka koma bariki ne, ana ta shirin rantsar da farar hula. Lokacin ina ɗinkin kujerun mota a unguwar Gyadi-Gyadi a Kano. Sana'ar maigidana ce, Allah ya jiƙansa. Da ya rasu ya bar mini keken ɗinki da yara huɗu, sai na hau keken. Karanta tef da rubuta inci kuwa a ajin yaƙi da jahilci na koya, ina goyon autata.

Garejin da nake wa aiki na ƙanin mijina ne, Garba mai walda. Ga yadda tsarin yake: Garba ke karɓar aiki, shi ke yankan ƙarfe da haɗawa. In ya gama, kafinta ya sa katako. Ni ce ta ƙarshe. In zo in auna, in koma gida in yanka soso, in ɗinka masa riga, in dawo in shimfiɗa. Mai zuwa ƙarshe ba a cika tambayarsa ra'ayi ba.

Wani ma'aikacin jinya a asibitin koyarwa, Malam Nasiru, ya sayi wata ƙaramar tirela a gwanjo. Akwatin ƙarfe ne rufaffe mai taya biyu, ana maƙala shi a bayan mota, ƙofarsa ɗaya a baya. Amfani biyu yake so da ita. Da kaka ta ɗauko masa hatsi daga gonarsa ta ƙauye. In yara sun sami hutu kuma, ya ja ta zuwa bakin dam, shi ya yi kamun kifi, iyalinsa su huta a ciki. Don haka aka yi benci biyu masu naɗewa a jikin bango: in an ɗaga su wurin buhuna ne, in an sauke su gado ne. Sharaɗinsa ɗaya, kada ruwa ya taɓa masa hatsi.

Garba ya riƙe wannan sharaɗi da hannu biyu. Duk wata kafa ya bi ta da walda. Bakin ƙofa ya zagaye shi da robar taya. Ya sa aka kwara wa tirelar ruwa bokiti uku, ya buɗe yana ƙirari.

"Yaya, zo ki gani! Ko tururuwa sai ta nemi izini."

Na ce, "Sannu da aiki, sarkin yabon kai."

Ranar Juma'a da hantsi na shiga gwada katifu, don washegari za a miƙa. Ina can ƙurya a durƙushe bayan bencin da aka sauke, ina ɗinke wani baki da allura. Al'adar gareji ita ce, in an yi kiran farko, a tattara kaya, a rufe duk abin da ke rufuwa, a tafi masallaci. Ni kuma ba mai surutu ba ce a bakin aiki. Sai kawai na ga duhu, na ji sakata ta faɗa.

Na ce, "Garba." Ban ɗaga murya ba, na zaci tsokana ce irin tasa. Kafin in gane ba wasa ba ne, har ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa.

Na lallaba zuwa ƙofa ina shafawa. Sumul take, ba mariƙi, ba komai. A nan na fara fahimta. Wanda ya ƙera wannan akwati buhu ya ƙera wa, buhu kuwa ba ya buɗe ƙofa.

Na buga da almakashi har hannuna ya gaji. Wa zai ji? Maza duk suna masallaci. Rana ta daki kwanon, ciki ya zama tanda. Numfashi ya fara yi mini nauyi. Na ce wa kaina, Abu, ihu iska yake ci, ki zauna. Na cire mayafi na kwanta a ƙasa, ina bin daɓen da tafin hannu, har na dace da wata 'yar huda, ramin noti ɗaya da kafinta bai ɗaura ba tukuna. Na ɗora hancina a kai. Ta nan na riƙa jiyo huɗuba sama-sama daga lasifika, ina salati, ina lissafa yarana ɗaya bayan ɗaya. Can sai tunanin yaran Malam Nasiru ya zo mini. Uku ne, ƙaramarsu Ummi ba ta wuce shekara biyar ba. Gobe za a ɗaura notin nan.

Da aka sauko, Garba ya buɗe don ɗaukar guduma, ya gan ni sharkaf. Salati ya yi ta yi, ya kawo ruwa da kansa. Amma da ya ga na miƙe, sai bakinsa ya dawo.

"Ke ma Yaya, mutum ya zauna shiru kamar buhun gero? Ko tari ai kya yi. Daga yau sai an leƙa kafin a rufe, shi ke nan."

Na ce, "Ba leƙe ba ne maganin. Taga take so, da abin buɗewa ta ciki."

"Taga? In huda aikin da na kwana bakwai ina toshewa? Taga ƙofar ruwa ce, ƙofar ɓarawo ce. Gobe mai ita zai zo. Ke dai ki ji da sosonki."

Ban ja da shi ba. Na san Garba, in ka ja shi sai ya kafe.

Washegari da walaha Malam Nasiru ya iso da matarsa da yaran, sun zo ganin ɗakinsu na daji. Garba na ta nuna masa robar ƙofa. Na miƙa wa Garba bakin tef na ce, "Don Allah riƙe mini wannan a can ƙurya. Malam, kai ma hau ka gwada katifar, ko ta yi tauri."

Suna shiga, na tura ƙofa, na saka sakata.

"Yaya! Mene ne haka?"

Na sa baki a jikin ƙarfen na ce, "Ɗari kawai zan ƙirga. Ku ɗauka ku ne yaran, iska ce ta turo ƙofar, kai kuma Malam kana can bakin ruwa da ƙugiyarka. Ku buɗe."

Na ji suna shafa ƙofa kamar yadda na shafa. Matar Malam Nasiru ta dube ni, ta dubi yaranta, ta jawo Ummi jikinta. Ina arba'in da ɗaya Garba ya fara dukan kwano da ƙafa. Na buɗe.

Malam Nasiru ya fito yana share gumi. Ya ce, "Ni da nake sa wa marasa lafiya iska a hanci, ban yi wannan tunanin ba. Inna, me za a yi?"

Garba ya riga ni. "Taga biyu, can sama ƙarƙashin rufi, da 'yar rumfa a kai don ruwa. Raga a ciki saboda sauro." Ya faɗa kamar shi ya kwana da shawarar. Na bar masa.

Nawa ɗaya na ƙara. Na kira Ummi, na ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga hannu. Inda yatsunta suka kai na sa alli. A nan Garba ya haɗa mariƙin da ke ɗaga sakatar waje daga ciki, ya yi ta goge shi har yarinyar ta iya buɗewa da hannu ɗaya. Aikin ya ƙara kwana uku. Da kaka Malam Nasiru ya aiko mini da gero, busasshe ƙarau, ya ce in shaida wa Garba taga ba ta ci masa hatsi ba.

Abin da na koya shi ne, gwani yakan yi daidai abin da aka ce masa, ya kuma yi shi da kyau, amma wanda zai zauna a cikin aikin ba ya wurin lokacin da ake faɗa. Ku da kuke zuwa ƙarshe da tef da allura, ku ne kuke shiga ciki. In kun shiga, ku ja ƙofa ku zauna kaɗan, ku ji abin da mai shi zai ji.

Garba ya tsufa yanzu, ya bar wa 'ya'yansa garejin. Amma sun ce har yau in zai rufe ko da akwatin sifana ne, sai ya ƙwanƙwasa ya ce, "Yaya, kina ciki?"