Ƙusa Shida a Motar Taubashina

Shekarar da aka sami mulkin kai ina kafinta a Bagudo, ina da mata da 'ya'ya biyu. Ɗan kawuna, taubashina, direba ne. Yana jan wata babbar mota mai bodin katako, rufe da tamfol, yana kai mutane da kaya kasuwannin bakin iyakar Dahome.

Safayar taya biyu yake ɗauka, suna cinye masa wurin buhu. Ya zo rumfata ya ce in kafa masa kanta a cikin bodin, can sama bayan kan mota, ya riƙa ɗora su.

"Ka huda ginshiƙi ka ɗaure da noti," in ji shi. "Hanyag ga ba ta san wasa ba, bawana."

"Bawa ke koya ma ubangidansa aiki?" na ce. Muka yi dariya, ya bar mini noti shida ya tafi.

Ranar ana kokawa a filin gari, tun azahar nake jin ganga. Katakon ginshiƙin maɗaci ne, huda ɗaya sai da ta jiƙa ni da gumi. Na duba sauran huda biyar da ke jirana, na ɗauko manyan ƙusoshi na buga guda shida, na shafe kawunansu da baƙin mai. Na kama kantar da hannu biyu na yi lilo, ba ta motsa ba. Na zuba notin a aljihu na nufi fili.

Kwana tara kantar ta yi. A gargadar da ke gaban Geza ƙusoshin suka zare, taya ɗaya ta faɗo kan wata dattijuwa mai sayar da busasshen kifi, ta karya mata cinya. Fasinjoji suka ce gudu direba yake yi. Mai motar ya karɓe makullinsa, taubashina ya shekara yana noma kafin ya sake samun mota.

Da ya zo rumfata bai zauna ba. Ya buɗe tafin hannunsa, ga ƙusa ɗaya a lanƙwashe.

"Ban faɗa ma kowa ba," ya ce. "Kana da iyali."

Shi ma yana da su. Daga ranar bai ƙara tsokanata ba. Sai gaisuwa ta mutunci, wadda ta fi mini zagi ciwo.

Ɗorin dattijuwar bai kama daidai ba. Bayan damina jikarta ta kawo ta rumfata a kan jaki, wai an ce ni ne gwanin katako, tana son sandar dogarawa. Na zaɓi icce mafi kyau, na kwana uku ina gogewa. Ta dogara, ta taka sau biyu, ta ce, "Allah shi yi ma hannun ga albarka, ɗana."

Bakina ya buɗe, gaskiyar tana kan harshena. Abin da ya fito shi ne, "Amin, Inna."

Ta rasu bayan shekara huɗu, ban faɗa mata ba.