Kwamfutar Baba Ta Ce Babu Wuri

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu da nake wannan rubutu jikina bai gama dawowa daidai ba. Na ce bari in kawo shi nan zaure, tunda akwai malamai a cikinku, akwai kuma masu ganin kansu malamai. Amma sai na fara ba ku labarin abin da na kwana da shi a rai, in ba haka ba za ku ce tuwo ne ya yi mini yawa.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, marubucin wasiƙa ne. Shekara da shekaru yana da ɗan shago a gefen gidan waya na garinmu. Wanda bai iya rubutu ba sai ya zo ya zauna a benci ya faɗi abin da ke ransa, Baba ya buga masa. Da tafireta ya fara, daga baya ya koma kwamfuta. Da kunnensa ya fara nauyi sai ya koyi wata dabara: ya ɗauki muryar mutum a kwamfutar yayin da yake magana, in ya tafi ya sa abin ji a kunne ya saurara a tsanake, sannan ya buga. Bai taɓa goge ko ɗaya ba. Dokarsa kuwa mun sha ta tun muna yara, cewa maganar da aka faɗa a kan bencin nan amana ce, ba a sauraronta, ba a kuma kai ta wani wuri.

Da ya rasu bara, kwamfutar ta zo hannuna. Ni malamar firamare ce, da ita nake shigar da sakamakon jarrabawar ajina. Makon nan manhajar makaranta ta ce ba za ta ƙara buɗewa ba sai an sabunta kwamfutar, ga shi ran Litinin hedimasta yake son sakamako. Na danna sabuntawa. Ta yi ta tafiya kamar abin kirki, ta wuce rabi, ta kashe kanta ta kunna, sai ta rubuto cewa ta kasa kammalawa, tana mayar da komai yadda yake, kada in kashe ta. Sau huɗu muna haka da ita. Na jona caja, na cire filashin ajiyar bayanai da ke jikinta, na gyara mata kwanan wata da agogo, na je maƙwabta na ari intanet ɗinsu ko nawa ne ba shi da ƙarfi, har lallashinta na yi da baki. Daga ƙarshe na kai wa Sabi'u mai gyara. Ya duba ya ce, "Anti, wuri ne babu. Muryoyin nan sun cinye cikinta kaf. Ko dai a goge su, ko in kwashe miki su a wani faifai." Na ce ya ba ni kayata in je in yi tunani. Masu shirin ce mini in sayi sabuwa, na gode, ku riƙe shawararku, ba ita na zo tambaya ba.

To, sai ga ni a mafarki tsaye a bakin shagon Baba. An rushe layin shagunan nan tun da daɗewa, amma ga shi nan da koren fentinsa, ga darbejiyar da ke ƙofarsa, ga warin tawada da takardar kabon wanda yake biyo Baba har gida a jikin rigarsa. Rana tana tsaka amma babu zafi. Na dubi ƙafafuna na ga takalmin roba na makaranta, a hannuna kuma langar abincin da Inna, mahaifiyarmu, take aiko ni da ita kullum in an taso. Har ɗumin langar na ji a tafin hannuna. Wani daɗi ya rufe ni irin wanda na daɗe ban ji ba.

Na shiga. Shagon da mutum huɗu suke cika shi, sai na tarar da jama'a maƙil, a kan benci, a ƙasa, a kan kabad, wasu a tsaye sun jingina da bango. Na gane da yawa daga cikinsu. Ga tsohuwar nan mai daddawa da take zuwa duk ranar kasuwa ta aika wa ɗanta da ya tafi Kurmi. Ga wani maigadin asibiti mai sanye da rigar sanyi ko da bazara ce. Dukkansu magana suke yi lokaci guda, a hankali, kamar yayyafi a kan rufin kwano. Ina jin sautin, amma ko kalma ɗaya ban iya kamawa ba. Can ƙurya Baba yana zaune ya ba ni baya, da farar hularsa, da biro a bayan kunne, yana buga tsohuwar tafiretarsa. Na ce, "Baba, ga abinci." Bai waiwayo ba.

Sai kawai na ji ana cewa a ba da hanya. Na leƙa waje na hango 'yan dako huɗu ɗauke da wani ƙaton akwati shuɗi, sun nufo shagon. A jikin bango kuma akwai wani layin alli da ke tsawo da kansa kamar layin da kwamfutar ke nunawa in tana sabuntawa, duk takun da suka yi sai ya ƙaru. Suka iso bakin ƙofa, suka karkata akwatin ta nan, suka karkata ta can, ya ƙi shiga. Na gabansu ya dube ni, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya ce, "Babu wuri. Za mu mayar. Kada ki rufe ƙofa." Suka koma da baya da baya har suka ɓace, layin allin ya goge kansa. Ban gama sauke numfashi ba sai ga su sun sake tasowa daga farkon titi.

Ban san sau nawa suka zo suka koma ba. Na dai san a wani zuwan na ga Sabi'u ya tsayar da wata farar bas a gindin darbejiya, ya rataya a ƙofarta irin na kwandasta, yana kiran mutanen shago su zo su hau, akwai wuri. Babu wanda ya ko dube shi. Na matsa kusa da kujerar Baba na ce, "Baba, in bari su hau?" Shi dai ya ci gaba da buga tafiretarsa. Na ɗaga kai sai na ga hedimastanmu zaune a kan reshen darbejiyar, da babbar rigarsa, yana duba agogon hannu yana girgiza kai. A mafarkin ko kaɗan abin bai ba ni mamaki ba.

A nan ne raina ya ɓaci. Waɗanda suka san ni sun san ba na jimirin jira. Na ajiye langar, sai na ga ba yarinya ba ce ni kuma, ni ce ta yanzu, da mayafina da ciwon gwiwata. Na je wajen tsohuwa mai daddawa na dafa kafaɗarta na ce, "Iya, ki yi haƙuri, an daɗe da gama taki. Tashi ki tafi gida." Ba ta yi musu ba. Ta miƙe ta gyara ɗaurin zaninta, ta nufi ƙofa, tana taka dokin ƙofa sai babu ita. Wuri ya buɗe a benci. Na waiwaya wajen Baba sai na ga babu hula a kansa.

Na ga hakan da idona, amma ban tsaya ba, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Akwatin ya riga ya shigo da kusurwa ɗaya, layin alli ya wuce inda ya saba tsayawa, ni kuma zuciyata sai cewa take saura kaɗan. Na sallami maigadi, biron bayan kunnen Baba ya ɓace. Na sallami wasu mata biyu, ƙarar tafireta ta ragu. Na yi ta dafa kafaɗu ina ba da haƙuri, suna ta fita, yayyafin muryoyin nan yana ta sassautawa, har ya rage ba kowa sai ni da shi.

Sai a lokacin Baba ya juyo. Fuskarsa ce sak, ta shekarun da yake da ƙarfinsa, har da ɗan murmushin da yake yi in na kawo abinci a makare. Ya buɗe baki ya yi magana. Daga motsin leɓensa na gane ya ce "Uwata", don haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Amma babu sauti. Ya ci gaba da magana mai tsawo, yana nuna ni, yana nuna bencin, ni kuwa ko ɗigon murya ba na ji. Na ce, "Baba, ɗaga murya." Ya yi iya ƙoƙarinsa, har jijiyar wuyansa ta tashi, shiru. Na ruga bakin ƙofa ina kiran Iya mai daddawa ta dawo, ina kiran maigadi, titi fayau babu kowa, babu bas, babu darbejiya.

Sai kawai 'yan dako suka wuce ni suka dire akwatin a tsakiyar shago. Layin alli ya kai ƙarshen bango. Shagon ya zama fili, fes, da sabon fenti, babu warin tawada ko kaɗan. Wata murya da ban san daga inda ta fito ba ta ce, "An kammala." Kalmar da na yi kwana huɗu ina roƙon in gani ke nan. Na juya wajen kujerar Baba, babu kowa a kai.

Kiran assalatu ne ya tashe ni, matashina a jiƙe. Bayan na yi salla na zauna a kan darduma, sai wani abu ya faɗo mini wanda shekara guda ban taɓa tunaninsa ba. Ashe ba muryoyin mutane kaɗai ne a cikin kwamfutar nan ba. Baba ba ya barin mutum ya yi magana shi kaɗai. Shi zai yi masa maraba, ya tambaye shi wa za a rubuta wa, ya ce a maimaita inda bai ji ba, ya yi gyaran murya, wani lokaci ya ba shi haƙuri in kuka ya ƙwace masa. Ke nan yana cikin kowace ɗaya. Na ɗauko wayata na bincika kaf, hotunansa sun fi a ƙirga, amma muryarsa babu ko ta daƙiƙa ɗaya, don shi bai taɓa yarda da aika saƙon murya ba. Na kira Yayana na tambaye shi, shi ma ya ce ba shi da ita. Kuma wallahi tun safe nake ƙoƙarin in tuno yadda take a kunnena, na kasa.

Ga kwamfutar nan a gabana a rufe, Sabi'u ya ce zai biyo bayan la'asar ya ji abin da na yanke. In na goge, na goge shi da hannuna. In na bari aka kwashe, na fitar da maganar mutane daga inda suka ajiye ta. In kuma na buɗe ɗaya don in ji shi, dole in ji sirrin wanda ke zaune a gabansa.

Don Allah masu sanin fassara, me Baba yake ta ƙoƙarin gaya mini da yake nuna ni yana nuna bencin? Hana ni yake yi, ko kuwa cewa yake in zauna in saurara?