Cokalin Kan Murfin Langa

'Yan uwa, yau na kama ɓarawon ƙuli-ƙuli a ɗakina!

Kun san cokalin da nake ɗorawa kan murfin langar ƙuli-ƙuli saboda Auta, saurayi guda amma ba ya iya jiran tuwo. Tun da ya bar Yammedi ya tafi karatu Kano, cokalin nan bai sake faɗowa ba.

Ɗazu ina tankaɗe, sai ƙwal! Bakina ya riga ni: "Auta, ajiye!"

Na leƙa, ashe babansa ne tsaye da murfi a hannu, ko ɗaya bai ɗauka ba.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Tsawar nan taki nake son ji. Gidan ya yi shiru."

Allah Ya kawo hutu, yaron nan ya cinye har langar.