Burushin Baba Mai Batir

Ina wankan jegon ɗana na fari a gidanmu lokacin da Baba ya dawo daga aikin Hajji. Shekarun nan ne da aka ɗauke sunan garinmu aka ba sabon birnin tarayya, mu kuma muna ta koyon cewa Suleja, baki yana suɓucewa. Baba maɗinki ne, aikin hannu yake yi a wuyan manyan riguna, har daga Izom ake kawo masa.

Da aka buɗe akwatin tsaraba, ƙarƙashin dabino da carbi sai ga wani farin abu mai kauri kamar ƙaramar tocila, da kan burushi a samansa. Baba ya ɗauke shi ya jefa a aljihu, bai yi bayani ba.

Washegari da safe ina shan kunun kanwa a tsakar gida, sai na ji ƙugi kamar na rina daga bakin rariya. Na waiga. Baba ne a tsugune, abin nan yana rawa a cikin bakinsa, kumfa na gangarowa ta gemu. Inna ta saki ludayin hannunta.

"Innalillahi! Alhaji, lantarki ka sa a baki?"

Ya danna wani wuri, abin ya yi shiru. Ya kurkure bakinsa, sannan ya ce, "Batir ne irin na rediyo, ƙarami. Ba ya jan mutum."

Ni ba ƙarar ce ta ɗaure min kai ba. Mutumin da tun tasowata ba ya rabo da aswaki, wanda ya yi wa yayana faɗa ranar da ya zo da burushi daga makarantar kwana, yau shi ne da burushi mai tafiya da kansa. Har maƙwabta suka riƙa turo yara aron garwashi da safe don su leƙa.

Ni ya damƙa wa kula da burushin. "Uwata," yana kirana haka don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "in na gama ki zare kan ki ɗauraye. Gindin kada ya ga ruwa, tsumma za ki sa. In ya yi sanyi ki murɗe marfin nan ki sauya batir." Na ji daɗi ƙwarai, na ɗauka yarda ce kawai.

Da aka kwana biyu ƙugin ya fara ja baya, wata safiya ya mutu ɗungurungum. Na ɗauko sauran batiran da ya zo da su, sai na tarar sun kumbura a akwati, wani farin gari kamar kanwa ya feso musu. Aka zaga kasuwa, duk manya ne na tocila. Aka aika wa yayana da ke aiki a Kaduna ya taho da ƙananan in zai zo gida.

A cikin wannan jiran ne na fito shanya kayan jariri da sassafe, na hango Baba ta bayan zanen da ke kan igiya. Aswaki ne a hannunsa na dama, hannun yana karkarwa kamar ganye a iska. Ya kai shi baki, ya kauce ya soki dasashi. Ya sa hannun hagu ya riƙe na dama, duk da haka aswakin ya suɓuce ya faɗa cikin rariya. Ya tofar da miyau, na ga jini.

Kayan suka zube daga hannuna. "Baba, me ya sami hannunka?"

Bai ɗago ba ya ce, "Rage murya, Uwata."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin tafiya. A can wani likita ya duba ni, shi ya nuna min burushin nan a kanti, ya ce ɗora shi kawai zan yi a haƙori, shi zai yi aikin."

A nan na gane marfin da nake murɗewa, ba zai iya murɗe shi ba ne. Na zauna a kan turmi.

"To ɗinki fa, Baba?"

Ya shiga ɗaki ya fito da wata riga ta shadda. Rabin aikin wuyan nasa ne da na sani, zare kwance kamar an zana. Sauran rabin ya karkace, an farke an sake har yadin ya yi huji. Ban taɓa ganin irin wannan aiki ya fita daga hannunsa ba, ko a wasa.

Ashe Inna tana tsaye a bakin madafi. Ta ce a hankali, "Shi ya sa ka daina cin abinci da mutane a zaure. Ni ina nan ina ta zargin girkina." Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

Yayana ya zo da batiran. Na kankare tsatsar cikin gindin da tsinke, na goge, na sa, abin ya tashi. Yaya bai koma shi kaɗai ba, ya tafi da Baba asibiti a Kaduna. Suka dawo da ƙwayoyi. Karkarwar ta ragu, amma an gaya musu ba irin mai warkewa ba ce. Baba da ƙafarsa ya je wurin mai rigar ya faɗa masa gaskiya, ya miƙa ta ga wani abokin sana'arsa ya ƙarasa. Daga nan bai sake karɓar aikin kowa ba.

Ranar da zan koma ɗakina a Maje, na je sallama da yaron a kafaɗa. Baba yana tsaye, na miƙa masa shi. Ya ja da baya.

"Bari in zauna tukuna."

Ya zauna a tabarma, ya miƙe ƙafafu, ya jingina da bango. Na ɗora masa jikan a cinya. Ya dafa kansa da hannun hagu ya yi masa addu'a mai tsawo, har direban da zai kai mu ya gaji ya kashe mota.