Ƙararrawar Sallamar 'Yar Kokawar Japan

Duk wanda ya zauna a Tianxiu, benen 'yan kasuwarmu a China, lokacin da kasuwa ke ci ya san azabar lif ɗin ginin nan. A bakinsa na fara ganinta. Dilar hijabaina ce ta maƙale a ƙofa, 'yan dako biyu suna ta nishi kamar masu naƙuda, ni kuma ina ta sababi, don jirgin kaya ba ya jiran kowa. Sai ga wata mata gajera, kakkaura, tana ɗingishi. Ta ture su gefe, ta saɓa dilar a kafaɗa ta shige da ita. Na ce, "La'ilaha illallahu! Ke mutum ce ko aljan?" Ba ta jin Hausa, amma ta ga bakina a sake, ta tuntsire da dariya.

Ashe ba 'yar China ba ce, 'yar Japan ce, kuma ɗan ofishinta yana kallon nawa. Sana'arta ba da ɗinkin kayan 'yan kokawa mata, irin wadda yaranmu ke kallo a talabijin suna cewa resilin. Takan sayi yadi mai walƙiya a kasuwar Shisanhang, teloli su ɗinka, ta aika gida. Turancina na Kantin Kwari ne, nata ya fi nawa karyewa, amma da baki da hannu muka fahimci juna. Ta girme ni, don haka nake ce mata Yaya, ita kuma ta ji kowa na ce min Hajiya, ta kama.

Kullum da rana takan shigo cin wake da shinkafa, tana zuba yaji har hancinta na yoyo. A nan ta nuna min kanta a waya. Wallahi ban gane ta ba! Rabin kai a aske, fuska sharkaf da baƙin fenti, sarƙa a hannu, tana jan wata kyakkyawar yarinya da gashi. Na ce, "Yaya, ashe ke azzaluma ce?" Ta ɗaga kai da alfahari ta ce aikinta ke nan. A wasansu akwai ta kirki, akwai muguwa, ita muguwar ce. Tun tana 'yar budurwa ta bar gida ta shiga gidan horo, tana wanke wa manya kaya, tana goge fage, ba giya, ba sigari, ba saurayi. Da suka ga jikinta, suka ce ba ta da fuskar da za a so, sai dai a ƙi. Ta yi shekaru tana yawon garuruwa a bas, 'yan mata suna zaginta suna kuka, har wasiƙun tsinuwa ake aika wa gidansu. Ta ce in ta fito ba a yi mata ihu ba, ranar ba ta iya cin abinci.

Gwiwarta ce ta gama da ita. A wani ƙaramin gari ta faɗo ba daidai ba, aka fitar da ita ranga-ranga. Tana kwance a asibiti kamfanin nasu ya rushe, kowa ya kama gabansa.

Gwiwar nan kuwa kullum ƙara lalacewa take. Da safe sai na ga ta kumbura kamar tulu. Likita ya ce a sa mata ta ƙarfe tun da wuri, in ba haka ba keken guragu ne ƙarshenta. Ta ƙi. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na daina ba ta abinci, a banza. Rannan dai na tsare ta, na ce, "Yaya, don Allah me kike jira? Sai ƙafar ta ruɓe?" Ta ce mai gwiwar ƙarfe ba ta sake hawa fage. Na ce, "To da wa za ki yi kokawar, da furfurarki?" Ta ce ta sani. Amma a wurinsu 'yar kokawa ba ta barin sana'a haka kawai. Sai ta tsaya a tsakiyar fage, a yi tsit, a buga mata ƙararrawa sau goma, a jefa mata zirin takardu masu launinta, sannan ta sauka da ƙafarta. Ita ɗaukarta aka yi. Ta ce, "Hajiya, ni har yau ban sauko ba."

Maganar ta tsaya min a rai. Na ce in dai ƙararrawa ce, ai ba gagara za ta yi ba.

Na samu wata ƙawata 'yar Zangon Kumasi mai harkar aika kaya, tana da sito a unguwar Baiyun. Ranar Lahadi da la'asar muka tara mata 'yan'uwanmu, na Kano da na Maraɗi da na Kumasi. Muka jera diloli a kusurwa huɗu, muka zagaye su da igiyar ɗaurin kaya. Tukunyar gas da babu komai a ciki ita ce ƙararrawa, da ludayin ƙarfe. Launin Yaya ja ne, don haka na kwaso ragowar jan ribon, zirin ƙyallen ado, wajen teloli. Na yi zaton za ta ce wasan yara muke. Ba ta ce ba. Ta shiga bayan kwalaye ta daɗe, ta fito da fenti a fuska, da tsohuwar rigarta da ta matse ta, da sarƙa.

Tana fitowa 'yar Kumasi ta rangaɗa guɗa. Sauran suka ɗauka da tafi da kirari: "Giwar mata! Sai ke, uwar ƙarfi! Allah ya ja zamaninki!" Mu ai haka muka san ana karrama mutum. Yaya ta tsaya cak a bakin igiya, tana raba ido kamar baƙuwar da ta shiga gidan bikin da ba nata ba. Sarƙar ta yi laƙwas a hannunta. Ta yafito ni ta ce a hankali, "Hajiya, wannan ba nawa ba ne. Ba a taɓa yi min tafi ba. Ku zage ni."

Na juya na faɗa wa mata. Wata dattijuwa 'yar Maraɗi ta ce, "Haba Hajiya, baiwar Allah ba ta yi mana komai ba, mu zage ta? Ga girma, ga ciwo?" Gaskiyarta. Amma ni na ga idon Yaya, na san in aka tashi a haka an yi aikin banza. Na gyara ɗaurin zani, na tuno duk wani ɗan dako da ya taɓa ɓata min rai, na buɗe murya: "Ke muguwa! Azzaluma mai kan ƙwarya! Baƙar annoba, fice mana daga nan!"

Wayyo, ku zo ku ga mace! Nan take ta miƙe, ƙirji ya buɗe. Ta maka sarƙa a kan dila, ta yi wani gurnani da ya sa 'yar Maraɗin ta ja da baya tana salati. Mata suka ga abin na yi ne, suka ɓarke da ihu da "Ba ma yi!" 'Yar Kumasi har da jifa da silifa. Yaya ta zagaya fagen tana nuna mu ɗaya bayan ɗaya, tana zare ido, tana zaginmu da yarensu. Ɗingishin ma ban gan shi ba. Ina zagi ina hawaye, don ban taɓa ganin ta da rai haka ba.

Sai ta koma tsakiya, ta ajiye sarƙar, ta haɗe ƙafafu, ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya ce a yi shiru, kowa ya yi. Na ɗauki ludayi na fara bugawa, ina barin kowane bugu ya mutu kafin na ƙara, yadda ta koya min. Ba ka jin komai sai ƙarar jirgi yana tashi can nesa. Fentin fuskarta ya jiƙe yana ɗiga a kan siminti. Da na buga na ƙarshe muka watsa mata ribon, ya rufe mata kai da kafaɗu. Ta rusuna wa kowane ɓangare na siton, har da inda babu kowa sai kwalaye.

Yanzu Tianxiu ta yi sanyi, yawancin matan nan sun koma gida, siton ma an mayar da shi wani abu daban. Ina kewar lokacin nan sosai, ba na ɓoyewa.

Da ta zo fita, na miƙa hannu zan danne mata igiyar. Ta girgiza kai. Ta ɗaga lafiyayyar ƙafar ta tsallaka, ta kama mai ciwon da hannu biyu ta ɗago ta, tana cije leɓe, har ta dire ta a waje. Ta tsaya tana haki. Sannan ta dube ni ta ce, "Hajiya, na sauko. Gobe ki raka ni wajen likita."